Amsa ga Basiru kan abincin mussa da muke haɗawa a shago

Basiru, na ga saƙonka tun jiya da dare sai yanzu na samu zama. Kana tambaya mi ya hana mu ƙara shinkafa ko garin masara cikin abincin mussoshin da muke haɗa ma kwastomomi don shi yi auki, tunda nama ya yi tsada, kuma ga mussoshin unguwarku nan Mabera cikin Sakkwato suna cin ragowar tuwo da miyar kuka, suna ta haihuwa ba abin da ke damunsu. To ba kai kaɗai ke da wanga tunani ba, kusan duk Hajiyar da ta shigo shago ta ji kuɗin roba guda sai ta faɗi irin haka.

Tuwon da kake ganin mussar unguwa tana lasa da rana ba shi ke riƙe da ita ba. Ka fito ƙarfe biyun dare ka ga aikin da take yi bayan ɗaki da gindin rumbu, ɓera ne, ƙadangare ne, fara ce, wani lokaci har ɗan tsakon maƙwabta, kuma in ta kama ɓera ba ta zaɓe, da tsoka da ƙashi da hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa duka take haɗiyewa. Can take samun abin da jikinta ke so, tuwo ƙari ne kurum. Ita ko mussar kwastoma, musamman masu dogon gashin nan 'yan Farisa da ake saye da tsada, tana kulle cikin falo ƙarƙashin AC, wata tun da anka haife ta ba ta taɓa ganin ɓera ba. Duk abin da munka bari ba mu sa cikin robar nan ba to ta rasa shi ke nan, ba inda za ta je ta cike. Shi ya sa aikinmu shi ne mu haɗa mata abin da ya yi kusa da ɓera guda cikakke, ba mu cika mata ciki ba.

Watarana in an kawo mussa allura ka buɗe bakinta ka duba haƙoran baya, ba su da faɗin niƙa irin namu ko na akuya, masu kaifi ne na yanka nama. Hanjinta gajere ne, miyanta ba shi da abin da ke fara narka sitaci kamar namu, kai ko zaƙin sukari harshenta bai ji. Kare shina iya lallaɓawa da tuwo da ɗan romo, mussa ba ta iyawa. Ban ce cokali guda na dafaffiyar shinkafa ko kabewa zai kashe ta ba, a'a, ni kaina ina sa ɗan kabewa in mussa na fama da taurin kashi, amma a mai da hatsi rabin abinci don a samu riba, wanga cuta ce ga dabbar da kuma mai ita, kuma ba a shagona ba.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa nake matsa maka ka tashi da asuba ka riga 'yan tsire zuwa kwata wajen zuciya. Akwai wani sinadari da ake kira tawurin, mu mutane da karnuka jikinmu na haɗa nashi, mussa ba ta iya haɗa wanda zai ishe ta, dole sai ta ci shi cikin nama. In ya yi ƙaranci ba a gani da wuri, nan matsalar take, sai ta yi watanni tana wasa tana tsalle lafiya lau, can ƙasa ko idanu na lalacewa zuciya na saki, ranar da mai ita zai lura tana karo da kujera ko tana haki to an makara, idon da ya tafi bai dawowa. A 1987 ne wani likitan dabbobi Paul Pion da abokan aikinshi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis can Amurka sunka gano cewa ciwon zuciyar da ke kashe mussoshi da yawa rashin wanga sinadari ne cikin abincin kamfani, bayan nan kamfanoni sunka ƙara shi, ciwon ya ragu sosai. Ka ga ke nan ko manyan kamfanoni da injinansu sun taɓa faɗawa ramin, balle mu da tukunya da sikeli. Tawurin ya fi yawa cikin zuciya da naman cinyar kaza, ƙirjin kaza farin nan da mutane ke ganin shi ne mai daraja bai da shi sosai. Kuma ruwa na janye shi, in ka tafasa nama ka zubar da romon to ka zubar da abin da munka yi sammako dominshi. Romon da anka dafa nama ciki, cikin abincin yake komawa, ko ɗigo kar ka zubar.

Hanta kuma ita ce inda yara ke wuce gona da iri don tana da arha kuma mussa na sonta ƙwarai. Dole a sa ta, don mussa ba ta iya ciro bitamin A daga karas ko ganye kamar yadda muke yi, sai daga jikin dabba, musamman hanta. Amma kaɗan, giram 50 cikin kilo guda ya isa. In anka riƙa ba ta hanta zalla kullum bitamin ɗin na taruwa, ƙashin wuya da na baya su riƙa tsirowa suna haɗewa har ta kasa juya kai ta lashe jikinta. Ka taɓa ganin mussa zaune a sandare gashinta duk ya cuɗe, in ka tambayi mai ita sai ka ji hanta yake saye mata kullum wajen mai nama don so.

Sai maganar ƙashi. Nama zalla bai da kalsiyam sai ɗan abin da ba a rasa ba, ɗan mussar da anka tasa da tsoka kaɗai ƙafafunshi na lanƙwashewa, ya diro daga kan gado ƙashi ya tsage. Dafaffen ƙashin kaza ba mu ba su, tsagewa yake yi tsini-tsini ya soke maƙogwaro ko hanji. Abin da muke yi shi ne ɓawon ƙwan nan da nake sa ka karɓo wajen mai shayi. Ka wanke shi tas, ka tafasa shi minti goma, ka baza kan faranti a rana ya bushe ƙayau, ka rufe da rariya don ƙuda, sannan ka daka cikin ƙaramin turmin da ba a taɓa daka yaji ciki ba, ka tankaɗe, ka sake dakawa. Ka murza tsakanin yatsu, in ka ji yana ƙaras-ƙaras bai yi ba, sai ya koma laushi awa hoda. Cokalin shayi guda shafaffe ga kilo guda na nama, ba tuli ba, kuma sai an sauke tukunya ake barbaɗawa a juya sosai don kar roba guda ta kwashe duka.

Awon da nake yi ga kilo guda ka riga ka gan shi amma ka rubuta ka ajiye: kamar giram 700 na naman cinyar kaza da ɗan fatarta, ko tsokar akuya in ita ta fi sauƙi ranar, giram 250 na zuciya da ƙundu, sai hantar nan giram 50, da gwaiduwar ƙwai guda ko biyu. Ruwa daidai wanda zai rufe naman, wuta kaɗan-kaɗan, da ka yanka tsakiya ka ga ja ya ɓace ka sauke, ba sai ya yi luguf ba. Rabi ka niƙa tare da romo, rabi ka yayyanka gutsi-gutsi kamar kan yatsa don ta samu abin taunawa. Ba gishiri, ba Maggi, ba man ja, ba komai na miya. Na san in ka ɗanɗana za ka ji lami, to ba kai za ka ci ba.

Wasu na cewa ɗanye ya fi, can ƙasashen da ke da sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa suna iya gardamarsu. Mu nan naman da ya yini kan tebur ƙuda na bi, ga gidajen kwastomomi da ƙananan yara masu rarrafe da mata masu juna biyu, akwai ƙwayar cutar da mussa ke ɗauka cikin ɗanyen nama ta fitar cikin kashinta wadda ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Mu dafawa muke yi, magana ta ƙare.

Abin da ka ce na mu riƙa karɓo ragowar tsire da balangu da ɓarɓashin kilishi da arha, wanga kam ka cire shi daga ranka gaba ɗaya. Allah ya hore ma ƙasarmu albasa da tafarnuwa, daga Goronyo zuwa Wurno har Aliero buhu-buhu ake lodi, ba naman da mai tsire zai taɓa bai sa su ba, su ko guba ne ga mussa, ɗanye ko dafaffe ko gari duk ɗaya. Fasa mata jajayen ƙwayoyin jini suke yi, kuma ba ranar take nunawa ba, sai bayan kwana biyu uku ka ga ta yi laƙwas, ka ɗaga leɓe ka ga dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu. Tafarnuwa ma ta fi albasa ƙarfi. Don haka ko romon farfesun gida kar a zuba mata, ka riƙa gaya ma kwastomomi wanga musamman lokacin layya da nama ke yawa kowa na jefa mata soyayye.

Kifi ana sawa amma ba kullum ba, sau ɗaya ko biyu a sati, dafaffe an zare ƙaya, titus ko sadin sun fi don man da ke cikinsu shina gyara gashi. Ɗanyen kifi wasu irinshi na cinye bitamin B1 a jikinta har ta fara tangaɗi kai na karkacewa, wuta ce ke kashe abin. Farin ƙwai ma sai an dafa. Madara kuma mutane sun ɗauka ita ce abincin mussa, alhali yawancinsu da sun girma zawo take sa su, ɗan kindirmo cokali guda ya fi sauƙi ga cikinsu in dai dole sai an ba su.

Ga zafin garin nan kuma, wata na uku zuwa na biyar ana wuce digiri 40, abincin da anka zuba a kwano in ya yi awa guda ba ta cinye ba a zubar a wanke kwanon. A firij kwana biyu, iyaka uku in wuta ta zauna, sauran a ƙulla na yini-yini cikin leda a sa firiza, ka rubuta ranar da munka dafa a jikin kowace. Wanda ya narke ba ya komawa firiza. In kwastoma ya ce maka gidansu ba sola ba janareto, kar ka sayar mashi na sati don ka ga kuɗi, ka ba shi na kwana biyu ya dawo. Kuma in an fiddo daga firij a ɗan ɗumama shi cikin ruwan zafi, mussa da hanci take fara ci, mai sanyi bai ƙamshi sai ta shinshina ta juya.

Babbar mussa mai kilo 4 tana cin kamar giram 150 zuwa 200 a yini, a raba safe da yamma, 'ya'ya ƙanana sau uku ko huɗu, mai shayarwa kuma a bar ta ta ci iya cinta. Amfanin namu kan busasshen na buhu shi ne ruwan da ke ciki, don asalin mussa dabbar daji ce mai ƙarancin ruwa, ba ta cika jin ƙishirwa ba, muzurun da ke cin busasshe zalla bai shan ruwa shi ne za ka ga fitsari ya toshe mashi yana tsugunne yana kuka. In ka ga haka ba maganar gobe ba ce, a kai shi asibiti take.

Amma kar ka je kana yi ma mutane kurin cewa namu ya cika ba abin da ya rage, har yanzu akwai ƙananan abubuwa irin bitamin E da sinadarin aidin da nama da ɓawon ƙwai ba su cikewa, shi ya sa nake ce ma kwastoma ko dai ya riƙa haɗawa da na kamfani mai kyau, ko ya je asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo likita ya rubuta mashi ƙarin da za a riƙa zubawa. Mussa mai ciwon ƙoda ko tsohuwa tukuf ma ba mu haɗa mata sai da takardar likita. Mu masu abinci ne ba masu magani ba, kuma ko da wasa kar ka bari wani ya ba mussa Panadol don ta yi zazzaɓi, ƙwaya guda na iya kashe ta.

Hajiyar Arkilla da ka ce mussoshinta biyu sun ƙi taɓa namu, kar ka ce mata ta bar su da yunwa har su sauko, mussa mai ƙiba in ta yi kwana biyu uku ba ta ci ba kitse na taruwa a hantarta, abin ya zama babba. Ka ce ta zuba cokali guda na namu gefen wanda sunka saba, bayan kwana biyu ta ƙara, a haka har sati guda ko kwana goma, in kashi ya yi ruwa ta koma baya kaɗan. Gobe in Allah ya kai mu ka biya Kasuwar Daji kafin ka zo shago, zuciya kilo biyu, ka duba da kyau kar su cusa maka huhu a ciki.