Tambaya da Amsa: Me ya sa ragi ke tura giraf dama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aji biyu ce a babbar sakandare, daga Unguwar Rogo a Jos. Na gane cewa giraf ɗin y = x² + 3 yana hawa sama da taki 3. Amma an ce y = (x − 3)² dama yake matsawa. Ta yaya ragi zai kai dama, alhali lambobin ƙasa da sifili suna hagu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ɗauke ido daga alamar, ki dubi gindin zanen. Giraf ɗin y = x² kamar ƙwarya yake a ajiye, gindinsa a (0, 0), wato inda abin da ake ninkawa da kansa ya zama sifili. To a (x − 3)², wane x ne zai mayar da cikin baka sifili? 3 ne. Nan gindin ya koma, shi kuwa 3 a dama yake. Gwada da fensir: x = 2, 3, 4 za su ba ki y = 1, 0, 1, amsoshin da a da −1, 0, 1 ke bayarwa.

Lambar da ke wajen baka ba ta da rikici, don bayan an gama lissafi take taɓa y: tarawa sama, ragi ƙasa. Alamar ragi a gaban duka, y = −x², kife zanen take yi.

A ganina haddar "ragi dama, tarawa hagu" ita ke kayar da ɗalibai a WAEC da NECO. Dubi y = (2x − 6)². Mai hadda zai ce taki 6, alhali cikin baka yana zama sifili ne a x = 3. Haka ma y = sin(x − 30°), daga 30° yake fara zagayensa, shi kuma y = sin 2x a 180° yake kammala zagayen da sin x ke yi a 360°, domin in x ya kai rabin tafiya, 2x ya riga ya isa.

Idan aka ba ki y = x² − 6x + 11, ɗauki rabin 6, wato 3. (x − 3)² yana ba da x² − 6x + 9, saura 2 a kai 11. Gindin yana (3, 2) ke nan, sama da layin x. In kika ga zanenki ya ratsa layin, kuskure na cikin jadawalinki na x da y. Ki kuma kula da kalkuleta: in kika danna −2² ba baka, −4 za ta ba ki. Ki danna (−2)², ki sami 4.