Ta Baki Ko Ta Haƙarƙari?

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa muke jinkirin tsaga ƙirji alhali ga abin da majinyaci ya haɗiye ko ya shaƙa nan ƙuru-ƙuru a hoton X-ray. Abin da ya shiga ta baki, ta baki ake fara nemansa. Tun 1897 likita Gustav Killian ya zura bututun ƙarfe ta maƙogwaron wani mutum a Jamus, ya zaro ƙashi daga hanyar numfashinsa ba tare da ya tsaga ƙirji ba.

Fara gano hanyar da abin ya bi. In ta abinci ce, yaro zai riƙa dalalar da yawu, haɗiya ta gagara. In ta numfashi ce, uwar za ta ce maka ya ƙware, ya yi ta tari, sannan ya lafa. Lafawar nan ce ke yaudarar sababbin likitoci. Gyaɗa ba ta fitowa a hoto, man da ke cikinta kuma yana kumbura hanyar, sai a yi ta ɗura wa yaro maganin limoniya a banza. Ka kasa kunne sosai a huhun dama, reshensa ya fi faɗi, ya fi miƙewa.

Idan ka ga kamar sulalla a hoto amma da zobe biyu, batirin agogo ne. Cikin awa 2 yake fara ƙona hanyar abinci. Ka tashe ni ko da tsakar dare ne.

Fil ɗin da mata ke riƙewa a baki wajen ɗaura mayafi kuwa, in an shaƙe shi, kansa ke yin ƙasa, tsinin yana sama. Kama tsinin, ka shigar da shi cikin bututun, sannan ka janyo su tare.

Sai abu ya nutsa can inda bututu ba ya kaiwa, ko wayar haƙoran roba ta huda hanyar abinci, muke bi ta haƙarƙari. Ko a nan ma ƙananan ƙofofi 2 ko 3 muke yi. Mai ba da maganin barci ya sace iskar huhu ɗaya don mu sami fili, mu zura kyamara da hantsaki, muna kallo a allo. Zafin bai kai na tsagawa ba, majinyaci kuma yakan tashi da wuri. Amma kayan buɗe ƙirji su kasance a shirye kusa da hannunka. Jini na ɓallewa, ka ajiye kyamarar ka buɗe.