Ina da Littafi Mai Tsarki a hannu, me zan yi da littafin gabatarwa?

Tambaya:

Malam, ni dattijo ne a ikilisiyarmu, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi. Ɗana da ke makarantar tauhidi ya zo hutu ya kawo mini wani ƙaton littafi, wai gabatarwa ga Littafi Mai Tsarki, wanda masana suka rubuta. Ina buɗewa sai na ci karo da inda aka ce ba a san wanda ya rubuta Ibraniyawa ba, wai kuma ƙarshen Markus babu shi a waɗansu tsofaffin kwafi. Raina ya ɓaci, na rufe shi na jefa a akwati. Irin wannan littafi yana da amfani ga mai bi, ko shi ne ke sanyaya bangaskiyar yaranmu? Ruhu Mai Tsarki bai isa ya koya mana ba?

Amsa:

Baba, sannu da hidima, Allah ya ƙara ƙarfi. Ka fito da littafin nan daga akwati, yaron bai kawo maka guba ba.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai nauyi. Ruhu Mai Tsarki ya isa, amma duba yadda yakan yi aikinsa. A Ayyukan Manzanni sura 8, mutumin Habasha yana cikin karusarsa yana karanta Ishaya, bai gane ba. Ruhu bai raɗa masa ma'anar a kunne ba, Filibus ya aika ya hau ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Luka ma a farkon bishararsa ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya bi diddigin kome a hankali kafin ya rubuta. Kai, Littafin Hausa da kake riƙewa ran Lahadi ma aikin masu ilimi ne. Da Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci aka rubuta littattafan, sai da waɗansu suka yi shekaru suna fama, cikinsu har da Likita Walter Miller na Zariya, kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ashe tun tuni kana cin gumin masana, sai dai ba su zauna a ɗakinka ba sai yanzu.

Aikin littafin gabatarwa ba wa'azi ba ne, ba kuma sharhin aya bayan aya ba ne. Yakan ɗauki littattafan nan ɗaya bayan ɗaya ya yi tambayoyin da kai ma za ka yi in aka miƙo maka wasiƙa ba ambulan: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, yaushe, me ya faru har aka rubuta, kuma ta wane hannu ta iso gare mu? Da ɗan gari akan ci gari, mu kuwa baƙi ne a Babila da Koranti.

Ga misalin da nake yawan ba ɗalibaina. Irmiya 29:11, ayar nan da ke cewa Allah ya san shirin alheri da yake da shi dominmu, ba inda ba a liƙa ta ba: jikin kalanda, bayan keke, katin aure, har rigar bikin zumuntar mata. Amma ka tambayi ajinka wa aka fara faɗa wa wannan magana, ka ga mutum nawa za su amsa. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28, wani annabi mai suna Hananiya ya riga ya yi albishir mai daɗi a Urushalima, wai nan da shekara biyu duk waɗanda aka kwashe za su koma gida. Irmiya ya ce ƙarya ce. Ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su roƙa wa garin da ya bautar da su zaman lafiya, domin sai shekara 70 ta cika. Wato yawancin dattawan da suka saurari wasiƙar a ƙasar baƙunci za a binne su. Shekara goma bayan kwasar nan kuma aka rushe Urushalima da Haikalin gaba ɗaya.

Wata rana na gama bayyana wannan a aji, sai wani ɗalibi da rikici ya kore su daga ƙauyensu ya tsaya bayan kowa ya fita. Ya ce shi da ya daina son ayar, don ana ta karanta musu ita kamar gobe za su koma gida, ga shi shekaru sun wuce suna zaman haya a garin wasu. Ya ce sai yau ya gane da irinsa ake magana. Ba abin da aka ƙara wa ayar, ba abin da aka rage. An dai mayar da ita cikin wasiƙar da aka ciro ta.

Haka wasiƙun Bulus suke. Mai karanta Korantiyawa ta fari kamar wanda ke zaune kusa da mai amsa waya ne, yana jin gefe ɗaya na hira. A 7:1 Bulus ya ce zai taɓa abubuwan da suka rubuto masa, a 5:9 kuma ya ambaci wata wasiƙa da ya riga ya aika musu, wadda ba ta iso gare mu ba. Littafin gabatarwa zai gaya maka cewa Koranti garin tashar jiragen ruwa ne mai cike da haikalin gumaka, kuma naman da ake sayarwa a kasuwa da yawansa daga wurin yanka wa gumaka yake fitowa, shi ya sa maganar nama ta ci surori. Zai kuma gaya maka yadda aka san lokacin. An tono wani rubutun dutse a Delfi, ƙasar Girka, mai ɗauke da sunan Galiyo, gwamnan da aka gurfanar da Bulus a gabansa a Ayyukan Manzanni 18, kuma rubutun ya nuna yana mulkin Akaya, lardin da Koranti take ciki, wajen shekara ta 51 zuwa 52. Da wannan turke ake auna sauran tafiye-tafiyen Bulus. Af, jerin wasiƙun ma ba bisa tarihi yake ba. Romawa ta zo farko ne don ta fi tsawo, Tasalonikawa ta fari ta girme ta da shekaru.

To, sai abubuwa biyun da suka ɓata maka rai.

Na Ibraniyawa mai sauƙi ne. Ka buɗe ka karanta daga farko har ƙarshe, ba inda marubucin ya faɗi sunansa, alhali Bulus da sunansa yake buɗe kowace wasiƙa. Ba kuma Turawan zamani suka ƙago zancen ba. Orijin, babban malamin Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3, ya riga ya ce Allah ne kaɗai ya san wanda ya rubuta ta. Ikilisiya ta san haka, ta kuma karɓe ta. Tana cikin littattafai 27 da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya lissafa a wasiƙarsa ta shekarar 367, waɗanda su ne Sabon Alkawarinmu na yau.

Na Markus ya fi bukatar natsuwa. Gaskiya ne, manyan kwafi biyu na Helenanci daga ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan ibada na Dutsen Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, duk a 16:8 suka tsaya. Gaskiya ne kuma cewa yawancin sauran kwafi suna da aya ta 9 zuwa 20, kuma Ireniyus, ɗaya daga cikin shugabannin ikilisiya ta farko, ya ɗauko aya ta 19 wajen shekara ta 180, ka ga ayoyin ba na jiya ba ne. Masana da yawa suna ganin ba hannun Markus ya rubuta su ba. Amma tashin Yesu daga matattu bai rataya a kansu ba, don tun a aya ta 6 an riga an ce wa matan ya tashi, ga kuma Korantiyawa ta fari sura 15. Dalilin da ya sa ma aka iya gano irin wannan bambanci shi ne yawan shaidu: kwafin Sabon Alkawari na Helenanci da aka rubuta da hannu sun haura 5,000, ana kwatanta wannan da wancan. Irin wannan binciken ne kuma ya amfana da abin da ya faru a 1947, lokacin da makiyaya suka sami naɗaɗɗun littattafai a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri. Akwai cikakken Ishaya a ciki, wanda ya girmi kwafin Ibrananci da ake da su a lokacin da kusan shekara 1,000, aka kwatanta aka ga yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan abubuwa.

Abin da nake so ka duba, Baba, shi ne matasan ajinka za su ji zancen ƙarshen Markus ko ka so ko ba ka so. Za su gan shi a Facebook, ko wani ya jefo musu shi a WhatsApp da niyyar kunyata su. Yaron da bai taɓa jin sa a coci ba zai ɗauka ɓoye masa aka yi, daga nan kuwa sai ya fara zargin sauran abin da aka koya masa. Na ga wannan ya faru fiye da sau ɗaya, kuma ba ilimin ne ya kayar da su ba, shirun manya ne.

Ba na ce ka haɗiye duk abin da ke cikin littafin ba. Masana ba bakinsu ɗaya ba. Dubi Ishaya: daga sura 40 maganar ta koma kan mutanen da ke zaman bauta a Babila, har an ambaci Sairus sarkin Farisa, wanda ya yi mulki can bayan zamanin Ishaya, da suna a 44:28. Waɗansu suka ce wani annabi na baya ne ya rubuta wannan sashe, waɗansu suka ce Ishaya ne da kansa, ta wurin annabci. Littafin kirki zai shimfiɗa maka hujjar kowane ɓangare, sa'an nan ya faɗi nasa ra'ayi a fili. In ka ga marubuci yana yanke hukunci ba hujja, ko yana yi wa waɗanda ba su yarda da shi ba ba'a, sai ka riƙe shi da hannu ɗaya. Ka riƙa rarrabewa tsakanin abin da za a iya taɓawa, kamar kwafi ko rubutun dutse, da abin da yake hasashe. Fensir a hannu, ka sa alamar tambaya a duk inda ba ka gamsu ba.

Kada kuma ka karanta shi daga bango zuwa bango, ba don haka aka yi shi ba. Ka fara da Filimon, aya 25 ce kacal. Ka karanta ta a zama ɗaya, ka buɗe littafin ka karanta shafuffukan da suka yi bayani a kanta da kan yadda bauta take a daular Roma, sa'an nan ka sāke karanta wasiƙar. Inda Turancin ya yi tauri, ka kira yaron kafin hutunsa ya ƙare, ku zauna tare da Littafin Hausa a buɗe a tsakaninku.