Ƙullin da ya tsayar maka da PCR

Ƙanena, jiya da za mu tashi daga lab ka tambaye ni wai me ya sa PCR ɗinka, wato aikin kwafar DNA a ninka ta, yake cijewa a wuri ɗaya, ka canza firaima, ɗan guntun DNA da ake fara kwafar da shi, har sau uku amma jel ɗin da ake duba sakamako a kai fayau ba layi. Hannunka lafiya lau, kuma ka daina ɗora wa sanyin Jos laifi. Zaren DNA ɗin ne ya ƙulle kansa.

A makaranta an zana mana RNA, 'yar'uwar DNA, kamar igiyar shanya a miƙe, to a cikin bairos ba haka take zama ba, naɗewa take yi, DNA ma haka. Inda G, ɗaya daga haruffa huɗun da ke jikin zaren, ta yi yawa a jere sai huɗu su haɗu su yi faifai, faifai ya hau kan faifai, potasiyam ya shiga tsakani ya riƙe su gam, shi ne muke cewa G4. Bofan da kake zubawa ma, wato ruwan haɗin PCR, akwai KCl a ciki, gishirin potasiyam ke nan, ka ga da hannunka kake ƙara masa ƙarfi. Enzayim ɗin da ke kwafar zaren na isowa nan sai ya tsaya cak kamar allurar tela ta gamu da ƙulli.

Wallahi abin da ya sa nake son ka riƙe wannan da kyau, ƙullin da ya ba ka wahala shi masu bincike suke so su kama bairos da shi. HIV yana da G4 a yankin LTR inda yake kunna kansa, an gwada wani sinadari BRACO-19 da ke danne ƙullin ya hana shi kwancewa, sai yaɗuwarsa ta ragu a sel ɗin gwaji. Korona kuma nata ƙullin daban ne, ribozom, injin sel da ke karanta RNA ya haɗa furotin, na karatu sai ya ci karo da shi ya zame baya harafi ɗaya a kan jerin haruffan UUUAAAC, kuma sai da wannan zamewar take samun enzayim ɗin da ke kwafar ta. Hana zamewar, ka hana ta haihuwa. A 2021 an nuna wani sinadari merafloxacin yana rage wannan zamewar a sel.

Sai dai mu ma muna da G4 a jikinmu, a bakin kromozom, wato ƙunshin DNA ɗinmu, shi ya sa kama bairos ta G4 bai kai ga majinyaci ba tukuna, maganin da bai bambance namu da nasu ba ɓarna zai yi.

Gobe ka zuba DMSO, sinadarin da ke taimakawa wajen kwance ƙullin, kashi 5 cikin 100, ka ƙara lokacin zafin farko, ka kira ni kafin ka loda jel.