Tsohuwar Murtala Da Hantar Da Ta Ƙone

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 9 da aure, kuma ni da maigidana muna da wasu al'adunmu na Sallah waɗanda ba kowa ya san tushensu ba. A ƙaramar Sallarmu ta farko ba shi da hali, sai ya ba ni Murtala ɗaya goron Sallah, ni kuma na adana ta na mayar masa da babbar Sallah. Har yau wannan naira ashirin ɗin muke miƙa wa juna, duk da ta koɗe. A layyar farko kuma na ƙona hantar ragon, shi ya sa idan mun je yawon Sallah ɗayanmu ya gaji, sai ya ce “hanta ta ƙone”, mu miƙe mu yi sallama. Bana na faɗi haka a gidan Hajiyarsa, ƙanwarsa ta gano ma'anar ta fassara mata, kuma tun daga ranar Hajiya ba ta sakar mini fuska. Shin mu daina wannan wasa ne gaba ɗaya?
Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ku daina, domin abin da kuke da shi mata da yawa suna nema ba su samu ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wani lokaci da ta ƙara jiki suka sake, ya tsere mata, ya ce mata wannan ramuwar waccan ce. Kin ga ke nan ya riƙe wasan a ransa tsawon lokaci, kamar yadda kuka riƙe Murtalarku. Ita kam ki samo mata leda ki lulluɓe, kada wani yaro ya ɗauke ta ya sayo alewa.

Maganar hanta ce ke da gyara, kuma gyaran a wuri ɗaya yake. Bahaushe ya san barkwanci sarai, amma ya ware wa kowane irinsa abokin yi: jika da kaka, taubashi da taubashi, Bafulatani da Babarbare. Tsakanin suruka da matar ɗa kuwa kunya ya ajiye, har ta kai wasu matan ba su iya cin abinci a gaban uwar miji. Ki tsaya a matsayin Hajiya ki duba. Ta tashi tun asuba ta sa an tuƙa tuwon Sallah, ta keɓe wa ɗanta soyayyen naman da ta san yana so, tana ɗokin ganin jikokinta cikin sababbin kaya, sai daga baya ta ji cewa akwai wata kalma da ake faɗa a gabanta mai nufin an gaji da zama da ita. Abin da zai fi damunta shi ne tunanin sau nawa aka faɗa a shekarun baya tana dariya ba ta sani ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana mutum biyu yin raɗa su bar na uku domin hakan yana baƙanta masa rai, kuma zaurance a gaban mutum ɗan'uwan raɗa ne.

Shawarata ita ce maigidanki ya fara zuwa shi kaɗai, tunda uwa ta fi saurin huce wa ɗanta, ya ba ta labarin hantar tun daga tushe, domin ta san cewa ke aka fara yi wa dariyar. Bayan kwana biyu ki je da kanki da rana, ba tare da wani uzuri na sauri ba, ki ba ta haƙuri a taƙaice, ki zauna har la'asar. Kada ki ta da maganar ƙanwarsa, ko da kina ganin ta yi azarɓaɓi. Idan Allah Ya kai mu layya mai zuwa, ki soya hantar da hannunki, ki zuba a kwano mai murfi, ki kai wa Hajiya da zafinta.