Shuɗiyar fitilar likitan haƙori: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako duk daga nan Kumasi suka fito, kuma duk a kan farin cikon haƙori suke.

Tambaya daga wata Hajiya a Aboabo: Likita, an yi mini farin ciko a turmi. Ko wata shida bai yi ba gefensa ya yi baƙi, ruwan sanyi kuma yana ratsa ni har ƙwaƙwalwa. 'Yata ta ce goro ne. Ni dai na lura sau ɗaya aka haska mini fitilar nan, aka ce in tashi.

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Goro yana rina ciko, wannan gaskiyar 'yarki ce, amma ba shi ke sa ruwan sanyi ya ratsa ki ba. Abin da kika lura da shi ya fi ɗaukar hankalina.

Farin ciko yana zuwa mana da laushi kamar ƙullu, kuma ba iska ke busar da shi ba. A cikinsa akwai wani sinadari rawaya, kamfakwinon, wanda ba ya motsi sai shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 (ma'aunin da ke nuna launin haske) ya taɓa shi. Daga nan ƙwayoyin ƙaron da aka haɗa cikon da shi su kama juna, su sarƙe, ciko ya sandare. Matsalar ita ce hasken yana rage ƙarfi yayin da yake nutsawa. Shi ya sa muke zuba ciko hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2, a haska shi kimanin sakan 20 kafin a ɗora wani. Akwai nau'in da aka yi don a zuba milimita 4 a tashi ɗaya, amma ba shi ne na kullum ba.

Kin san ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi da yawa: waje ya yi ja, ciki ɗanye. Haka ciko yake idan aka cusa shi duka a kogo mai zurfi aka haska sau ɗaya. Saman ya yi tauri, har likita ya ƙwanƙwasa ya ji daɗi, ƙasan kuwa bai nuna ba. Irin wannan ya fi saurin cinyewa da shan launi. Ban da haka, ciko yana tsukewa da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 lokacin da yake sandarewa. Idan babban dunƙule ne, sai ya janye daga bangon haƙori ya bar 'yar kafa, ta nan sanyi da ƙwayoyin cuta suke bi. Ki koma a duba, a ɗauki hoton haƙorin don a ga ko ruɓa ta fara a ƙarƙashi. Kada ki bari sai ya hana ki barci.

Tambaya daga wata mai koyon aikin taimaka wa likitan haƙori: A wurinmu akwai tsohuwar fitilar halojin da sabuwa ta LED. Wacce ta fi? An ce mai ƙarfi ita ce mai kyau.

Amsa: Ƙanwata, duka biyun suna aiki idan suna da lafiya. Halojin tana buƙatar kusan sakan 40, tana zafi har sai fanka ta huce ta, ƙwanta kuma yana rauni da tsufa ba tare da ido ya gane ba. LED ta fi sauri, tana da batir, ranar dumsor, wato ɗaukewar wuta, za ki gode mata. Amma ƙarfi kaɗai ba shi ne magana ba. Haske mai tsanani a kogo mai zurfi yana ɗumama jijiyar haƙori, kuma tun 1965 wani gwaji a kan birai ya nuna ƙarin zafi na digiri 5.5 a ma'aunin Selsiyas na iya lalata ta. Wasu fitilu suna farawa a hankali sannan su ƙara ƙarfi, don ciko ya samu ya zauna kafin ya tsuke.

Abin da na fi so ki riƙe yana hannunki ne. Na taɓa aiki a wani wuri inda cikonmu yake ta dawowa. Da na juya bakin fitilar, sai na ga busasshen ƙaro ya rufe kusan rabinsa. Har yau abin yana damuna, don mutane sun biya kuɗinsu. Ki goge bakin bayan kowane majiyyaci, ki auna hasken da ma'auninsa lokaci-lokaci. Ki kusanto da shi dab da ciko, ki miƙe shi sosai, kada hannu ya zame yayin da kike kallon gefe. Ciko mai duhun launi kuma yana son ƙarin lokaci.

Tambaya daga wani Malam a Asawase: Hasken nan ba ya kashe ido ko jawo ciwon daji?

Amsa: Malam, ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, shuɗin haske ne da ido ke gani. Ƙura masa ido ne ke da illa, shi ya sa muke sa kariya ko tabarau mai ruwan lemo. Mu da muke riƙe shi kullum mun fi ka shiga haɗari. Ka rufe idonka kawai.

Tambaya daga wani direba a Sabon Zango: Bayan ciko, yaushe zan ci wake da shinkafata?

Amsa: Farin ciko ya riga ya sandare kafin ka sauka daga kujera. Ka dai jira allurar kashe zafi ta sake ka, kada ka tauna leɓenka ba ka sani ba. Baƙin ciko mai zaiba shi ne ake ɗaga wa ƙafa kwana guda kafin a tauna abu mai tauri a gefensa.