Tilo da jam'i a fassarar manhajar intanet

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina fassara wata manhaja zuwa Hausa domin 'yan kasuwar Kantin Kwari. Duk saƙon da ke ɗauke da lamba an ba ni gurbi biyu, na tilo da na jam'i. Shin dole ne in sa jam'i duk inda lamba ta haura 1?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, ba dole ba ne. Gurbin biyu sun fito ne daga ƙa'idojin CLDR, wato ma'ajiyar bayanan harsuna ta ƙungiyar Unicode mai tsara haruffan kwamfuta, waɗanda suka raba lambobi rukuni shida: sifili, ɗaya, biyu, kaɗan, da yawa, da kuma saura. Larabci yana amfani da duka shidan. Sinanci da Japananci ɗaya kacal. A Rashanci 21 tana tafiya da siffar 1, amma 11 ba ta bi. Hausa an ba ta biyu: 1 a gefe guda, duk sauran lambobi a ɗaya gefen. A fayil ɗin gettext ma, wani tsarin fassara manhaja, nplurals=2 za ka gani, wato siffa biyu.

To amma ƙa'idar gurbi kawai take zaɓa. Abin da za ka zuba a ciki kunnenka ne zai faɗa maka. Ka tsaya a Kwari ka saurari ciniki: yadi biyar, naira dubu goma, kwana uku, da wuya ka ji mai cewa yaduka biyar ko nairori. Awo da kuɗi da lokaci galibi a tilo suke zama, don haka ba laifi gurbin biyu su ɗauki kalma ɗaya. Inda bambanci ke fitowa shi ne wakilin suna: "saƙo 1 ya shigo", "saƙonni 4 sun shigo", "wasiƙa 1 ta iso". Shi ya sa nake hana masu haɗa manhaja yanka jimla gunduwa-gunduwa su liƙa lamba a gaba. A Hausa lamba bayan suna take zuwa, kuma jinsi yana canza abin da ke biye. A ba mai fassara cikakkiyar jimla.

Sifili kuwa rukunin saura yake faɗawa, sai ka ga "saƙonni 0", abin da ba ya shiga kunne. Idan manhajar na amfani da ICU MessageFormat, wani tsarin rubuta saƙonnin manhaja, a ware masa sharaɗin =0, ka rubuta "babu saƙo". Kafin ka miƙa aikin, gwada 0, 1, 2 da 11 a kan allon waya, ka karanta kowanne da ƙarfi.